Inda Yara Ke Zama: Kundin Aikin Harabar Makarantarmu

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta turo gudummawar da ta yi alkawari, kuma a rubuce suka ce kuɗin na gyaran haraba ne. Ba su da yawa. In an zuba su a abu guda za a ga aiki, in an yayyafa su ko'ina sai a neme su a rasa. Tun kafin su iso an gama kashe su a baki: shataletale a gaban ofis, furanni, duwatsu a jere a shafa musu farar ƙasa, sabon allon suna a bakin ƙofa.

Na roƙi Firinsifal ya dakata tukuna. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata, daga JSS1 zuwa SS3, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Bulok uku sun kewaye fili: na manya a arewa, na ƙanana a gabas, ofis da ɗakin malamai a yamma. Tsakiya rairayi ne zalla, sai sandar tuta. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aji ke zabgewa bayan tashin tara. Ka bar shi cike da safe, ka dawo ka tarar da bencina a buɗe. Mukan ce lalaci ne, mukan ɗora wa iyaye, mukan tura firifet da bulala. Ni kuwa ina ganin da yawansu rana da ƙishirwa ke korar su. Yaro ya fita neman ruwa da inuwa da abin sa wa a baki, ya same su duka a cikin gari, me zai dawo da shi?

Saboda haka kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya, ina so mu san inda yaran nan suke zama da kansu, da abin da ya kai su can. Firinsifal ya ba ni zuwa farkon zango na biyu.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ni da 'yan SS2 masu ɗaukar Jogirafi mun zana taswirar makarantar a kan kwali. Igiyar guga muka yi wa ƙulli a kowace mita, da ita muka auna. Sannan kowa ya kama kusurwarsa, kafin asambuli, da tsakiyar tara, da bayan an tashi. Duk wanda aka gani zaune ko ya daɗe a tsaye sai a ɗiga masa ɗigo, shuɗi na namiji, ja na mace. Ba a ɗiga mai wucewa. Na hana rubuta suna, na kuma sanar a asambuli cewa ba takardar kama masu laifi ba ce, domin yaro in ya ji ana ƙirga shi sai ya sauya wuri.

Filin tsakiya, da ya fi ko'ina girma, ya fito fari tas a kwalin. Shuɗin ɗigo ya cunkushe a gindin tsohuwar darbejiyar da ke kusa da filin ƙwallo, har babu wurin saka bakin biro. Sai bakin famfon tuƙa-tuƙa, sai ɓarakar shinge ta gabas inda 'yan talla ke ajiye farantansu. Daga wannan ɓarakar zuwa cikin gari tafiya kaɗan ce, kuma nan ne muke asarar yara.

Akwai bencinan kankare da wani ɗan kwangila ya zuba a gaban ofis shekarun baya. Su kaɗai ne abin da aka gina da sunan zaman ɗalibai a duk makarantar, kuma ba mai zama a kansu. Suna kallon gabas, rana na dukansu tun daga fitowarta har ta take tsaka, ga tagar Firinsifal a bayansu. Wanda aka gani a kai, to an kira shi ofis ne yana jiran hukunci.

Yau kasuwar Maigatari ke ci, manyan yara maza da dama sun bi iyayensu da dabbobi. Za mu riƙa ware kwalin Alhamis daban.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Jan ɗigo ya yi ƙaranci a kwalayen farko, har na ɗauka 'yan matan gida suke tafiya. Malamar Hausa ce ta ce a tura mace ta duba bayan bulok na arewa. Can suke. Tsakanin bango da hanyar masai akwai wata siririyar inuwa, a nan suke jeruwa, baya jingine da bango. Wata ta cire silifas ta zauna a kai, wata ta samu rabin bulo, wasu uku sun raba buhun taki guda. Suna cin awara daga leda, hijabi a janye har ƙafa saboda ƙura, warin masai kuwa iska na kawo shi jefi-jefi.

Malama ta tambaye su, "Ku kuwa duk faɗin makarantar nan sai nan?"

Wata 'yar SS1 ta ce, "Malama, to ina za mu? Gindin bishiya na maza ne. Baranda kuma duk wanda ya gitta sai ya kalle mu, ko loma ba ma iya kaiwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai da jin haka. Muna bin gida gida muna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su gama sakandare, in sun zo kuma wurin da ya rage musu shi ne bayan masai. Ba wanda ya tsara hakan da gangan, amma kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Abin da muke gani ba sabo ba ne ga masu nazarin birane. Tun daga 1970 wani Ba'amurke, William Whyte, ya kafa kyamarori a kan filayen shaƙatawa na birnin New York yana kallon inda mutane ke tsayawa. Babban abin da ya fito da shi abu ne da kowa zai ce ya sani: mutane sun fi zama a inda aka tanadi wurin zama. Kyan gini da girman fili ba su ne ke tara jama'a ba. Har sai da birnin ya gyara dokar gine-ginensa a 1975, ya wajabta wurin zama a irin waɗannan filaye. Jan Gehl, masanin gine-gine ɗan ƙasar Denmark, shi ma ya nuna tun 1971 cewa mutane gefe-gefe suke bi, inda bayansu ke kare kuma idonsu na ganin abin da ke gudana, ba sa son tsayawa a tsakiyar fili. Mu a nan mun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ake gina dakali a jikin bangon zaure yana kallon hanya. Sai dai da an zo zanen makaranta sai a manta, a yi fili irin na fareti, wanda baƙo zai gani daga mota ya yaba.

Talata, 10 ga Disamba

Hunturu ya kankama, taswirar kuma ta juye. Da safe ba mai neman inuwa. Yara na isowa fuska furu-furu, hannu cikin riga, kai tsaye sai barandar bulok na arewa shan hantsi. Tana kallon kudu, rana na shiga har cikinta, ginin kuma ya tare iskar da ke zuwa daga arewa maso gabas. Gindin darbejiya ba kowa sai wajen sha ɗaya. 'Yan mata kuwa, wurinsu na baya shi ne ke karɓar iskar gaba da gaba. Wasu sun koma cikin aji sun rufe taga, wasu sun daina jiran darasin bayan tara.

Na mayar da abin darasi a aji. Muna ɗan sama da digiri 12 arewa da layin Ikwaita. A Disamba ranar tsaka takan karkata kudu, tsayinta a sama bai wuce kimanin digiri 54 ba, don haka bango mai mita uku da rabi yana jefa inuwar kusan mita biyu da rabi ta arewa. Wannan ce inuwar da 'yan matan ke rabawa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana za ta koma ta arewa da mu, inuwar nan ta ɓace ɗungurungum, a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Duk wurin da za mu gina dole ya yi amfani a sanyi da zafi, ko kuma a yi guda biyu.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Kwamitin makaranta ya zauna: Firinsifal, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wakilin dagaci, liman, Malamar Hausa, da wakilin tsofaffin ɗalibai. Na shimfiɗa kwalayen a kan tabarma.

Alhaji shugaban iyaye bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Malam, mutanen nan daga Kano da Dutse za su zo ganin abin da aka yi da kuɗinsu. Dakali za mu nuna musu?" Tambaya ce mai kan gado, domin wanda bai ga amfanin kyautarsa ba da wuya ya ƙara. Na ce, "Alhaji, a kawo su da ƙarfe goma da rabi na ranar karatu, su ga 'ya'yanku zaune a kai." Na nuna masa inda jan ɗigo ya taru, Malama ta faɗa masa abin da ke wurin. Ya daɗe yana kallon kwalin bai ce komai ba. Yana da 'ya a SS2.

Firinsifal nasa tsoron daban ne, kuma shi ma da gaskiyarsa: duk lungun da ido ba ya kaiwa matattarar fitina ce. Aka daidaita cewa rumfar 'yan mata za ta kasance a kusurwar arewa maso yamma, inda ake hango ta daga tagar da malamai mata ke zama, amma a kare ta da zana iya ƙirji ta ɓangaren hanya da ɓangaren iska. Liman ya kawo hadisin da ke cewa Musulmi ba zai dasa itace ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. Wakilin dagaci ya yi alkawarin amalanke da aikin gayya. An amince da dakali a gindin darbejiya, da rumfar mata, da randunan ruwa, da shigo da 'yan talla ciki a toshe ɓaraka. Dashe sai damina. An ajiye shataletale, amma za a sabunta allon suna.

Bayan taro na zauna da Baba maigadi kan irin itacen da za a dasa, domin ya fi mu duka sanin ƙasar nan. Wani ya kawo shawarar itacen turare saboda saurin girma. Baba ya girgiza kai. "Malam, turare ai inuwar giginya gare shi, na nesa ka sha. Ga shan ruwa." Kuka, in ji shi, da rani tsirara take, lokacin da ake nemanta. Mangwaro sai da ban-ruwa, in ya yi 'ya'ya kuma jifa ba za ta bar gilashin taga ba. Tsamiya inuwarta ba ta da na biyu, sai dai jinkiri, kuma akwai iyayen da ba za su so 'ya'yansu su zauna gindinta da tsakar rana ba. Gawo ya yaba masa: shi ne ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, amma yana da ƙaya, wurinsa bakin shinge. Zaɓinsa durumi da ceɗiya, itatuwan ƙofar fada da bakin kasuwa, waɗanda reshe ake sarowa a kafa ya kama. Ya ce a nisanta su da gini da ramin masai saboda saiwa. Darbejiya kuwa, wadda asalinta daga Indiya ne kuma aka fara dasa ta a Borno a 1928, ta riga ta zama 'yar gida, ba ta tsoron fari, ita za ta cike sauran gurabe.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kafin birkila ya taɓa komai, mun zube kututturan itace da karyayyun bencina daga sito a gindin darbejiya da inda rumfa za ta tsaya, muka bar yara da su. A jere muka ajiye su, layi guda. Kafin a koma aji sun ja su sun mayar da su kusurwa-kusurwa, biyu suna haɗa kai, yadda mutum huɗu ko biyar za su ga fuskar juna kuma su ga fili. Washegari da rana ta matsa sai suka ja su suka bi inuwa.

Wannan ya sauya zanen. A da shawarar ita ce a zagaye gindin bishiyar da dakali kamar yadda ake yi a ma'aikatu. Irin wannan kowa baya yake ba ɗan'uwansa, hira ba ta yiwuwa, yana kuma shaƙe saiwa ya hana ruwa shiga. Za mu yi gajerun dakali masu kusurwa, nesa kaɗan da gindi, wasu ta yamma don inuwar safe, wasu ta arewa da gabas. Tsayi santimita 45 ga manya, da mataki na ƙasa ga 'yan JSS1 da ƙafarsu ke reto. Faɗi kusan santimita 80, don a zauna ta fuska biyu ko a buɗe littafi. Kututturan kuma za su zauna, ba za a kwashe ba. Yara na son abin da za su iya ja da hannunsu.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, birkila da leburorinsa daga sallar asuba suke farawa su tashi kafin rana ta yi zafi. Ƙasar makarantar rairayi ce ba ta gini, daga kududdufin bayan gari amalanke ke kawo ta. Tubalin ƙasa ne a ciki, yaɓen siminti a sama da gefe, abin da ya rage kuɗin sosai. Ginshiƙan rumfa an shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Matan unguwar gabas sun aiko da zana kyauta, sun ce ta 'ya'yansu ce.

Laraba, 23 ga Afrilu

Wajen sha biyu da minti ashirin na fito da 'yan SS3 da ke shirin WAEC muka tsaya gindin sandar tuta. Inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa a kanmu sak, yanzu da kuma Agusta. A irin wannan rana bango ba ya ba da komai, sai abin da ke bisa kai. Bayan bulok na arewa babu ko tafin hannu na inuwa.

Zafin watan nan yana haura digiri 40, kuma a nan ne bambancin rufi ya fito. Rumfar kwano da malamai ke ajiye babura tana da inuwa, amma in ka tsaya ciki zafi ke sauko maka a ka daga ƙarfen. Rumfar zana iska na ratsa ta. Gindin darbejiya ya fi su duka, domin ganye na fitar da danshi yana sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa, ƙasar wurin ma ba ta taɓa gasuwa ba. Dakalin da inuwa ta bari na ɗan lokaci kuwa ba ya zaunuwa sai ya huce.

Randuna suna rumfar mata da gindin bishiya, an binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi, kowace da murfi da moɗa mai dogon hannu da aka ɗaure da igiya. Aji-aji ake cika su da safe. Wannan ne abu mafi arha a duk aikin, kuma ina ganin shi ya fi komai riƙe yara.

Litinin, 19 ga Mayu

Yanzu ana iya cewa wani abu game da sakamako. Rumfar mata cike take kullum, har ta yi kaɗan. Sun kawo tabarmi da kansu, sun buga ƙusa suna rataye jaka, 'yan SS3 na bitar jarrabawa a ciki. Wasu ma sukan tsaya bayan an tashi su gama aikin gida, abin da ban taɓa gani ba a makarantar nan, domin a gida aiki ke jiran su. Malaman da ke shiga aji bayan tara sun ce sun ga bambanci a rajista, musamman ɓangaren mata. Ba zan ɗora duka a kan rumfa ba, toshe ɓaraka ma ya taimaka, kuma Alhamis tana nan yadda take.

Matsala biyu sun taso. Ta farko, manyan yara maza sun mamaye dakali duka, har matakin da aka yi don ƙanana sun mayar da shi wurin ɗora ƙafa. 'Yan JSS1 da JSS2 sun koma raɓe-raɓe a bakin famfo. Wuri mai kyau guda ɗaya mai ƙarfi ne ke cinye shi. Doka ba za ta gyara wannan ba, sai an yawaita wuraren.

Ta biyu ta fi wuyar faɗa. Inuwar ta yi daɗi, sai wasu abokan aikinmu suka fara fito da kujerunsu gindin darbejiya. Ranar da malamin ladabtarwa ya zauna a wurin da bulalarsa a kan cinya, ina kallo yara suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kore su, kafin minti kaɗan dakali ya zama wayam. Na kai maganar taron malamai da lalama. Wani ya ce ai malami ma mutum ne, ɗakin malamai tanda ne da rana. Gaskiya ne. Aka yanke za a kafa wa malamai tasu rumfar a bayan ofis da ragowar zana, a bar wa yara bishiyarsu, sai malamin da ke kan aiki ya riƙa zagayawa. Haka kuma an hana yin hukunci a waɗannan wurare. Inda aka sa yaro ya durƙusa jiya, ba zai je hutawa can yau ba.

'Yan talla suna da layinsu a inuwar bangon sito, an ajiye musu kwandon shara saboda leda. Yawancinsu 'yan mata ne sa'annin ɗalibanmu. Akwai wata mai ɗanwake da in ta sayar ba ta tafiya, sai ta matsa gindin tagar JSS2 ta zauna da farantinta a cinya tana sauraron darasi. Malama ta ce za ta je ta ga mahaifiyarta.

Juma'a, 20 ga Yuni

Iskar da ta zo gaban ruwan daren Talata ta yaye rufin rumfar mata, ta watsa zana har gonar maƙwabta. Ginshiƙai suna nan. Kafinta ya ba da shawarar kwano a sama, zana a ƙasa kamar silin, da tazara tsakaninsu don iska ta wuce, a kuma ɗaga rufin. Kuɗin allon suna za a karkatar, Alhaji da kansa ya kawo shawarar.

Ruwan ya nuna mana wani abu kuma. Ciyawa ta tsiro a fili, sai turbobin da ƙafa ta yanka suka fito fili: daga ƙofa a karkace zuwa bulok na gabas, daga baranda zuwa famfo, daga rumfa zuwa masallaci. Mun zana su a taswira. Ba za a dasa komai a kansu ba, a gefensu za a dasa, musamman inda biyu suka haɗu, domin nan yara ke cin karo su tsaya magana.

Asabar, 12 ga Yuli

Ƙasa ta sha ruwa, yau aka yi dashe. Darbejiya da gawo daga gandun renon itatuwa na gwamnati muka samo su a leda. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Amma duk wanda ya taso a yankin nan ya san samun dashe ba shi ne wuya ba. An sha yin bikin dashe, a ɗauki hoto, kafin bazara ba ko ɗaya.

Rassan durumi da ceɗiya Baba maigadi ne ya saro su da izinin masu su, kowane ya fi tsayin mutum, kauri kamar damtse, don akuya ba za ta kai ga toho ba. Ramuka masu zurfi, ruɓaɓɓen taki a gauraye da ƙasa, toka a zagaye saboda gara, sannan keji na ƙayar magarya. Kowane aji da itatuwansa, an rubuta sunan ajin a jikin gwangwani an rataye. Durumi biyu a gaban bulok na ƙanana, su ne amsar matsalar 'yan JSS, ko da yake waɗanda ke JSS1 yanzu sai sun kusa fita kafin su zauna ƙarƙashinsu sosai. Kafin nan za a yi musu rumfar kara bayan girbi. Tsakiyar fili an bar shi don asambuli, dashe ya bi gefe.

An haƙa ƙaramar kwata daga bakin famfo zuwa ramukan da ke kusa, ruwan alwala da wanda ke zuba a banza ya riƙa bi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Sabuwar shekarar karatu. Durumi da ceɗiya sun yi toho, in ban da reshe guda da gara ta ci daga ƙasa. Darbejiya yawanci ta kama, gawo yana nan ƙanƙane, Baba ya ce saiwa yake yi tukuna. Rumfar mata ta samu sabon rufi, zanar ƙasa tana tare zafin kwanon yadda kafinta ya ce. Yarinyar nan mai ɗanwake an sa ta a JSS1, da sharaɗin za ta riƙa zuwa da tallarta ta sayar lokacin tara.

Haɗarin da ke gabanmu sakin dabbobi ne. Da an gama kwashe gero da wake za a saki awaki da tumaki, kuma daga nan har ruwan baɗi babu kore a yankin sai namu. Kejin ƙaya ya fara zubewa, dole a sabunta shi kafin ƙarshen wata. Famfo ma robarsa ta cinye, sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, in ya tsaya a bazara randuna da dashe duk sun tafi. An aika wa makaniki a Gumel.

Sababbin 'yan SS2 sun karɓi kwali da biro, za a sake ɗiga taswirar daga mako mai zuwa don a kwatanta da ta bara, wannan karon da launi na uku ga 'yan JSS. Kuɗin tsofaffin ɗalibai sun ƙare. Kwamiti zai zauna ranar Asabar, kuma abin da zan kai gabansa shi ne rumfar ƙanana, da ɗan gajeren bango mai kallon kudu kusa da rumfar mata inda za su sha hantsi kafin hunturu ya shigo, da wanda zai ɗauki nauyin ban-ruwa a hutun Disamba. Wakilin dagaci ya ce a ba shi lissafin karan da ake bukata kafin manoma su fara ɗaurewa.